Yadda Ake Gyara ReShade Idan Ya Daina Aiki a Wasan Kwamfuta

Idan wasan da ka ƙawata da ReShade, wato manhajar da ke gyara launi da hasken hoton wasa, ya wayi gari launukansa sun koma yadda suke a da, kada ka yi saurin goge shi. Galibi sabuntawa ce ta sauya fayil ɗin da ke tayar da wasan, ReShade kuma yana can inda ka ajiye shi.

Fara da kallon saman allo lokacin da wasan ke tashi. In rubutun ReShade bai fito ba, ka danna maɓallin Home ma shiru, to bai hau ba ke nan. Haka ta faru da masu buga The Witcher 3 bayan sabuntawar Disamba 2022. Wasan ya zo da folda biyu, bin\x64 ta DirectX 11 (DirectX shi ne tsarin da wasa ke zana hoto da shi) da bin\x64_dx12 ta DirectX 12. Wanda dxgi.dll ɗinsa, wato fayil ɗin da ReShade ke hawa ta cikinsa, ke cikin ta farko, alhali wasan yana tashi daga ta biyu, ba zai ga komai ba. Wasannin da aka gina da manhajar Unreal Engine ma ainihin fayil ɗinsu na .exe yana cikin Binaries\Win64. Sake girka ReShade, ka nuna masa .exe na gaskiya, ka zaɓi DirectX ɗin da wasan ke amfani da shi yanzu.

Wasan yana mutuwa da zarar ya buɗe? Kashe bayanan da manhajojin RivaTuner da Discord ke ɗorawa a kan allon wasa tukuna. In bai yi ba, a wasan DirectX 11 gwada sauya sunan dxgi.dll zuwa d3d11.dll.

In ya hau amma jerin shedojin, wato ƙananan fayilolin da ke ƙawata hoton, babu kowa, ko jan rubutu ya cika allo, buɗe ReShade.ini ka tabbatar EffectSearchPaths yana nuni ga reshade-shaders\Shaders. Sannan karanta ReShade.log. Mutane da yawa ba sa leƙa shi, kuma a nan ake rubuta sunan shedar da ta ƙi haɗuwa da layin da ta tuntsure.

Mafi wahala ita ce matsalar zurfi, wato bayanin nisa da kusancin abubuwa a cikin hoton wasan. Launi yana aiki, amma inuwar da shedar MXAO ke sawa ta ɓace. Kunna shedar DisplayDepth, mai nuna zurfin a allo. In ka ga baƙi ko fari fat, kashe MSAA, mai sumulce gefen abubuwa, a saitin wasan. In nesa da kusa sun juye, mayar da saitin ReShade mai suna RESHADE_DEPTH_INPUT_IS_REVERSED daga 0 zuwa 1, ko akasin haka.

A wasannin intanet kuwa, da gangan ReShade na yau da kullum ke toshe zurfin don hana maguɗi. Kada ka tilasta shi da nau'in da ba shi da wannan shinge, domin manhajojin kama maguɗi irin su BattlEye da Easy Anti-Cheat na iya jawo a rufe maka asusu.