Yadda ake zaɓen igiya da kayan sauke reshe idan bishiya ta rufa wa gida

Duk gabanin damina sai ka ga an kira masu sara su rage wa darbejiya ko maɗaci rassan da suka haye kan kwano ko wayar lantarki. Irin wannan reshe ba a sakinsa ya faɗo, ɗaure shi ake yi a sauke a hankali. Abin da ke tayar mini da hankali shi ne igiyar da nake gani a hannun mutane, shuɗiyar nan ta roba da ake ɗaure kaya a mota. Na taɓa tsayawa a kan wani aiki inda irinta ta narke a jikin bishiya saboda zafin gogayya, ta tsinke, gungumen ya huda rufin ɗaki. Allah ya kiyaye ba kowa a ciki.

Mataki na farko, ka ƙiyasta nauyi kafin ka je sayen komai. Ɗanyen itace mai tauri yakan kusa kilo 1,000 a kowace mita kubik (mita 1 a tsawo da faɗi da tsayi), wato kusan nauyin ruwa. Gungume mai kaurin santimita 40 da tsawon mita 1 zai kai kilo 125. Idan kaurin ya ninka, nauyin ya ninka sau huɗu ke nan, a nan ne ido ke yaudarar mutane.

Amma nauyi ba shi ne duka labarin ba. Idan maɗaurin igiya yana sama da reshen, da an yanke sai ya rataya salin-alin. Idan kuwa yana ƙasa da wurin yanka, kamar lokacin da ake sare gangar jikin bishiya guntu-guntu, itacen zai faɗo tukuna kafin igiya ta cafe shi. Wannan fizgar tana iya ninka nauyin sau da yawa. Don ita ake zaɓen kaya, ba don nauyin da ke zaune ba.

Na biyu, igiya. Nemi ta foliyesta mai saƙa biyu, wata a cikin wata. Ba ta cika miƙewa ba, tana jure rana, kuma sai zafi ya kai wajen digiri 250 take narkewa, ita kuwa ta robar nan a wajen 165 ta gama. Mai kaurin milimita 12 galibi tana tsinkewa ne a wajen tan 4, mai 16 kuma tan 6 zuwa 7, amma ka karanta abin da kamfanin ya rubuta. Ka raba wannan adadi gida goma, abin da ya fito shi ne iyakar aikinka. Kada ka ce an yi rowa: ƙulli kaɗai yana iya cinye sulusin ƙarfin igiya ko fiye, ga tsufa, ga yashi da ke shiga cikin saƙa. Igiyar da mutum yake hawa da ita kuma daban take. Wadda ta taɓa sauke gungume ba ta sake ɗaukar rai, don haka ka saye su launi daban-daban.

Na uku, fuli, wato gargaren ƙarfen da igiya ke bi ta kansa, da ɗamarar da ke riƙe shi a jikin bishiya. Ka lura da wannan sosai: igiya ta hau ta sauko, gefe ɗaya itace, gefe ɗaya mai riƙo, saboda haka abin da ke kan fuli ninki biyu ne. Gungumen kilo 200 yana ɗora wa fuli da ɗamara da reshen da aka ɗaura su kilo 400, tun ba a zo maganar fizga ba. Dole ɗamara ta fi igiya ƙarfi, aƙalla ninki biyu. Faɗin gargaren ya kai kaurin igiya sau huɗu, in ba haka ba lanƙwasar za ta raunana ta. Ni dai ra'ayina, a duk jerin kayan igiya ce ya kamata ta fi kowa rauni, domin gara ta tsinke da a ce ƙarfe ya ɓalle ya yi sama inda mai sara yake.

Na huɗu, birki a gindin bishiya. Akwai irin su Port-a-Wrap, guntun bututun ƙarfe da ake naɗa igiya a kai. Naɗi biyu ko uku sun isa mutum ɗaya ya sarrafa kaya mai nauyi, ya bar shi ya ɗan zame kafin ya tsayar, abin da ke rage fizga. Kada kowa ya naɗa igiya a hannunsa.

Ƙugiyoyi da shakul, wato maɗaurin ƙarfe mai siffar U da ake rufewa da ƙusa, su zama na baƙin ƙarfe masu kulle. Duba jikinsu: WLL na nufin nauyin aiki, MBS na nufin nauyin da ke karya abu, kN kuma ma'aunin ƙarfi ne, kN 1 kusan kilo 100 ne. Wanda ba shi da rubutu, bar shi a shago komai arharsa.

A Birtaniya dokar kayan ɗaga nauyi ta 1998, wato LOLER, ta wajabta a yi wa kayan hawa cikakken bincike duk wata 6, na sauke kaya duk wata 12. Ko ba doka a kanka, kullum kafin a hau ka bi igiya da hannu daga baki zuwa baki. Inda ka ji ta yi tauri, ko ta yi sheƙi kamar an goga mata wuta, ko ta rame, yanke wurin ka jefar. Sannan ka ƙwanƙwasa reshen da za a rataya fuli da ƙotar gatari, idan ya yi ƙarar ganga to cikinsa ya ruɓe ko gara ta cinye shi, nemi wani.