Darasi na Tara: Wane Fetur Ya Dace da Mota Mai Ƙarfin Inji?

Ka buɗe murfin tankin motarka, ka duba bayansa. A motoci da yawa, musamman waɗanda aka shigo da su daga Amurka ko Turai ta Kwatano ko Legas, akwai ɗan rubutu da lamba a wurin: 87, ko 91, ko 95, ko 98. Direbobi da yawa sun shekara suna buɗe murfin nan kullum ba su taɓa karanta lambar ba. Wannan darasi a kanta yake. Wanda ya iya karanta ta ya san irin fetur ɗin da injinsa ke nema, kuma ya san abin da zai yi idan babu irinsa a gidan mai.

Lambar oktan

Sunan lambar nan oktan. Mutane na zaton fetur mai babbar lamba ya fi ƙarfi, ko ya fi tsabta, ko ya fi daɗewa a tanki. Ba haka ba ne. Ƙarfin da ke cikin lita ɗaya ta 91 da lita ɗaya ta 98 kusan ɗaya ne. Bambancinsu haƙuri. Oktan ma'aunin haƙurin fetur ne: yadda zai jure matsi da zafi a cikin silinda bai kama da wuta ba, har sai fulogi ya kunna shi.

An gina ma'aunin a kan sinadarai biyu. Ɗaya mai haƙuri ne sosai, sunansa isoktan, aka ba shi lamba 100. Ɗayan da an matse shi sai ya fashe, sunansa heftan, aka ba shi sifili. Idan aka ce fetur 95 ne, ana nufin juriyarsa daidai take da ta haɗin kashi 95 na isoktan da kashi 5 na heftan.

A nan sai an kula, domin ma'aunin ba iri ɗaya ba ne a ko'ina. Turai da Afirka da yawancin duniya suna amfani da wanda ake rubutawa RON. Amurka da Kanada suna amfani da AKI, wanda lambarsa ke ƙasa da ta RON da maki huɗu zuwa shida a fetur iri ɗaya. Saboda haka:

87 na Amurka kusan 91 ne a RON. Shi ne fetur na gama-gari a can.
91 na Amurka kusan 95 ne a RON.
93 na Amurka kusan 98 ne a RON.

Wannan ruɗani ya sa masu motoci da yawa asara. Mutum ya sayi motar da ta fito daga Amurka, ya ga an rubuta 91 a murfinta, ya ji an ce fetur ɗin garinmu 91 ne, sai ya ce ai shi ke nan. Alhali motar 95 take nema a ma'auninmu. Kafin ka gaskata lamba, ka fara sanin daga wace ƙasa motar ta fito.

Abin da ke faruwa a cikin silinda

Fistin yana sauka, ya zuƙo iska da fetur. Ya hau, ya matse su. Ana dab da ya kai ƙarshen hawansa sai fulogi ya yi tartsatsi, wuta ta tashi daga bakin fulogin ta bazu a hankali kamar yadda wuta ke cin busasshiyar ciyawa daga gefe guda, ta tura fistin ƙasa. Wannan turawar ce ƙarfin mota. Daga nan fistin ya sake hawa ya kori hayaƙi zuwa salansa.

Injin mota ta yau da kullum yana matse iskar kamar sau tara ko goma. Injin mota mai gudu yana matse ta sau goma sha ɗaya, goma sha biyu, wani har fiye. Ford Mustang GT na 2018, alal misali, sau goma sha biyu yake matsewa. Wasu injina kuma an sa musu turbo, wato fanka mai juyawa da ƙarfin hayaƙi, tana cusa ƙarin iska cikin silinda. Duk abin da aka matse zai yi zafi. Ka taɓa famfon keke bayan ka gama ba taya iska, za ka ji. To idan matsin ya fi ƙarfin haƙurin fetur ɗin, ragowar da ke can lungun silinda ba ta jiran wutar fulogi ta iso. Sai ta fashe da kanta gaba ɗaya, fashewar ta daki kan fistin da bangon silinda kamar an sa guduma.

Daga waje za ka ji ƙara siririya, kas-kas-kas, kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani. An fi jin ta idan ka taka totur da ƙarfi a babbar giya, ko kana hawan tudu da kaya, ko da tsakar rana. Wannan ƙwanƙwasa daban take da abin da muke cewa "inji ya buga", amma hanyar zuwa can ce. Ƙwanƙwasa ta ɗan lokaci ba ta kashe inji. Wadda ta daɗe tana karya gefen fistin inda ringi ke zama, ta ƙona gasket na kan inji, ta fasa farin kaskon fulogi, ta gajiyar da metal na ƙasa. Idan ta yi tsanani har rami take narkarwa a tsakiyar fistin.

Me ya sa sau da yawa ba a jin komai

Motocin zamani suna da wata 'yar na'ura da aka ɗaure a jikin inji, aikinta sauraron wannan ƙwanƙwasa. Da ta ji, sai ta sanar da kwamfutar mota, wadda makanikai ke kira birenbos. Ita kuma sai ta jinkirta lokacin da fulogi ke kunna wuta, ta rage iskar turbo, wani lokaci ta ƙara watsa fetur don silinda ta huce. Ƙarar ta ɓace, direba ya ɗauka lafiya lau.

Inji ya tsira, amma ba kyauta ba. Wutar da aka kunna a makare ba ta tura fistin da cikakken ƙarfi. Mota ta yi nauyin tashi, shan mai ya ƙaru, hayaƙi ya fita da zafi fiye da kima yana gasa bawul da turbo. Kuma jinkirin da kwamfutar za ta iya yi yana da iyaka. Ranar da zafin gari da nauyin kaya da mugun fetur suka haɗu, za a wuce iyakar.

Kalmomi biyu da ya kamata ka gane

A littafin mota ko murfin tanki, idan da Turanci aka rubuta, nemi ɗaya daga kalmomi biyu. Required tana nufin dole. Recommended tana nufin an fi so. Motocin Jamus kan rubuta ROZ maimakon RON, su kira 95 Super, 98 kuma Super Plus. Na Faransa kan rubuta SP95 ko SP98.

Inda aka ce dole, maganar ta ƙare: an ƙera injin ne a kan wannan lambar. Motoci irin su Porsche 911 da BMW M3 da Mercedes masu tambarin AMG 98 suke so, kuma 95 ne abin da za su lallaɓa da shi. Inda aka ce an fi so, motar za ta yi aiki da na gama-gari ba tare da lahani ba, sai dai ba za ka samu cikakken ƙarfinta ba. Mustang ɗin da muka ambata yana ba da ƙarfin doki 460 idan an zuba masa 93 na Amurka, kuma yana tafiya da 87, ƙarfin ne kawai ke raguwa.

Mota irin Corolla ko Camry da aka rubuta wa 87 ba ta ƙaruwa da komai idan aka zuba mata mai tsada. Ƙungiyar masu motoci ta Amurka, AAA, ta gwada wannan a 2016, ba ta ga ƙarin ƙarfi ko sauƙin shan mai na a zo a gani ba. Mai irin wannan mota ya riƙe kuɗinsa.

Halin da ake ciki a gidajen manmu

A Amurka famfo guda yana da maɓalli uku, ka zaɓi wanda kake so. A Gana ma akwai gidajen mai da ke sayar da 91 da 95 daban-daban. A yawancin gidajen mai na Najeriya da Nijar fetur iri ɗaya ne, kuma yawanci yana kusa da 91 a RON. Kada sunan PMS da ake gani a allon farashi ya ruɗe ka. Harafin farko na nufin "premium", wato mai daraja, amma tsohon suna ne na fetur gaba ɗaya, ba alkawarin babbar lamba ba ne.

Ga kuma zafi. Iska mai zafi tana sa fetur saurin fashewa, don haka injin da ke zaune lafiya da 91 a sanyin Disamba yana iya ƙwanƙwasa a Sakkwato ko Maiduguri cikin Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40. A wuri mai tudu kamar Jos iska ba ta da kauri, matsi na raguwa, injin da ba shi da turbo yana ɗan samun sauƙi. Mai turbo ba ya samun wannan rangwame sosai, domin turbon na cike giɓin.

Abin da ya fi duka haɗari shi ne algus. Kananzir da gas, wato dizal, ba su da haƙurin matsi ko kaɗan idan aka kwatanta da fetur. Kaɗan daga cikinsu ya isa ya ja lambar tanki guda ƙasa. Tsohuwar mota mai sassaucin matsi za ta yi tari ta wuce. Inji mai turbo yana iya lalacewa a tafiya ɗaya. Mai irin wannan mota ya guji man galan na 'yan bumburutu, ko da layi ya kai ina, ya tsaya wa gidan mai ɗaya ko biyu da ya yarda da su, masu yawan ciniki, inda mai ba ya kwana da yawa a tankin ƙasa.

Idan motarka na son 95 ko 98, kai kuma 91 kake samu

Tuƙi ne farkon magani. Kada ka danne totur har ƙasa alhali inji na juyawa a hankali a babbar giya, domin a nan ne matsi ya fi yawa. Idan za ka hau tudu ko za ka wuce tirela, rage giya tukuna, allurar juyin inji ta haura 2,500 ko 3,000, sannan ka taka. A mota mai canja giya da kanta, taka a hankali ka bar ta ta sauko da giyar. Gwada gudu da tsakar rana, mota cike da mutane, iyakwandishan a kunne, shi ne ainihin abin da za ka bari.

Sai sanyaya inji. Lagireto ya kasance a wanke ciki da waje, da ruwan sanyaya inji na gaskiya, ba ruwan rijiya ba, wanda ke barin tsatsa da gishiri. Fanka ta riƙa tashi a kan lokaci. Mota mai turbo tana da wani ƙaramin lagireto a gaba mai sanyaya iskar da za ta shiga inji. Ƙurar hunturu da ƙwari na toshe shi, a riƙa hure shi. Fulogi kuwa a sa ainihin lambar da kamfani ya rubuta. Fulogin da ya fi zafi yana yin ja kamar garwashi ya kunna fetur kafin lokaci, kuma wannan ya fi ƙwanƙwasa saurin narkar da fistin. Baƙin mai na inji, ga motocin turbo na zamani, a nemi mai alamar API SP a jikin galan, domin an tsara shi don rage irin wannan kunnawar ta bazata.

Kada ka yarda a cire na'urar sauraron ƙwanƙwasa ko a yanke wayarta don fitilar gargaɗi ta mutu. Ita ce kunnen injin. Idan aka jona kwamfutar bincike ta nuna P0325, wannan na'urar ko wayarta ce ta samu matsala, a gyara ta a ranar. Haka nan kada a sake wa birenbos tsari don ƙarin gudu, tunda irin wannan tsari yana ƙara neman oktan ɗin da ba ka da shi.

Ruwan kwalba da ake sayarwa da sunan ƙara oktan yana buƙatar karatu da kyau. Da yawa idan sun ce suna ƙara maki biyar, kashi biyar cikin goma na lamba ɗaya suke nufi: 91 ya zama 91.5, ba 96 ba. Man jirgin sama mai lamba 100 kuma akwai dalma a cikinsa, tana kashe na'urar auna hayaƙi da matatar da ke cikin salansa, ga guba ga mai shaƙa. Kada a zuba shi.

Wanda bai riga ya sayi motar ba ya fi kowa sa'a. Ka karanta murfin tanki tun a wurin dillali, kafin a yi ciniki. Idan an rubuta 98 dole, kuma ba ka san inda za ka samu ba a garinku, mu dai shawararmu ka nemi wata.

Aikin lissafi

Haɗa fetur mai lamba daban-daban a tanki ɗaya ba ya cutar da inji. Lambar da za a samu tana faɗawa tsakani, gwargwadon yawan kowanne. Ga yadda ake yi: tanki mai cin lita 60, an zuba lita 40 na 91 da lita 20 na 98. Lita 40 sau 91 ya ba da 3,640. Lita 20 sau 98 ya ba da 1,960. A haɗa, 5,600. A raba da 60, an samu kusan 93.

Yanzu kai ma gwada a littafinka. Tanki mai cin lita 50 yana da ragowar lita 10 na 91, aka cika shi da 95. Nawa lambar ta zama? Shin ta isa motar da ta fito daga Amurka, wadda aka rubuta wa 91 dole a murfinta? Kafin darasi na gaba, kowa ya kwafo abin da ke rubuce a murfin tankin mota ɗaya ta gidansu ko ta tasha, harafi da lamba, tare da ƙasar da motar ta fito, mu karanta tare a aji.