Kafin ka sayi tsohon babur mai injin Wankel

A gareji na tsufa a nan Yamai, kuma duk wanda ya ce mini ransa ya biya da babur mai injin Wankel, tambayar farko da nake yi masa ita ce: wa zai gyara maka? Injin nan ba shi da fistan. Wani ƙarfe ne mai kusurwa uku yake juyawa a cikin gidansa, ƙirar Bajamushe Felix Wankel, kuma yaran da suka ƙware a kan baburan kabu-kabu ba su taɓa buɗe irinsa ba.

Ba su da yawa a duniya. Akwai Hercules W-2000 na Jamus, mai cc 294, da fanka ke sanyaya shi. Akwai Suzuki RE5 na Japan, mai cc 497, da aka ƙera daga 1974 zuwa 1976. Sai Norton na Ingila mai cc 588, irin wanda Steve Hislop ya ci babban tseren babura na Senior TT da shi a 1992. Norton kam sai mai jakunkuna da yawa. Ni RE5 nake ba mutum shawara, don yana da radiyato, ko da yake nauyinsa ya kai kilo 230, idan ya kwanta maka cikin yashi sai ka kira maƙwabta.

Kada fenti ya ruɗe ka. Ran injin yana wurin wasu 'yan ƙarafa sirara da ke bakin kowace kusurwa, su ke riƙe matsin iska. Idan sun cinye, babur zai tashi lafiya lau da sanyin safiya, amma da ya yi zafi ka kashe shi, sai ya ƙi tashi. Saboda haka ka sa mai sayarwa ya tada shi, ya bar shi ya ɗau zafi sosai, ya kashe, ya sake tadawa nan take. In daga Turai za a ɗauko maka, a yi wannan gwaji a bidiyo ɗaya ba yankewa, sannan a auna matsin kowace fuska ta ƙarfen nan mai kusurwa uku daban, su zo kusa da juna. Wanda ya fara kawo maka dalilai, ka riƙe kuɗinka. Cikin gidan injin in ya karce, ba a goge shi kamar silinda, sai dai wani, kuma ko ka kwana a kasuwar Katako ba za ka samu ba. Buji ma nasa ne na musamman, ka sa a haɗo maka da su da dama, tare da littafin gyara. Takardun duwan kuma ka san hanya.

Sauran aikin na mai ne. Waɗannan ƙarafa da mai suke rayuwa, injin yana ƙona shi kaɗan-kaɗan da gangan. RE5 wuri uku ake zuba masa: na inji, na giya, da ƙaramin tankin da ke ɗiga wa ƙarafan. Wannan na ukun ka leƙa shi kullum kafin ka hau, ka tabbata famfonsa na aiki. Hercules na farko-farko kuwa a cikin esansi ake gauraya masa.

Esansin kwalba na bakin hanya, ruwa-ruwa, ka bar wa masu shi. Lokacin hunturu ka riƙa wanke matatar iska duk mako, ƙurar nan tana shiga ta ci ƙarfe. Watan Afrilu, da rana ta take, kada ka tsaya da shi yana aiki a cunkoson gadar Kennedy, Wankel da ma can mai zafi ne. Kuma kada ka tada shi ka kashe yana da sanyi, buji zai jiƙe.

Idan ya daɗe a ajiye, cire buji, ɗiga ɗan mai ta ramin, ka juya injin a hankali da hannu kafin ka taɓa makunni. Karburaton RE5 kuwa wayoyi biyar ne suka taso daga hannun totur, ka hana kowa taɓa saitinsu sai da littafin a buɗe a gabansa.