Gano tushen ƙarar ƙafar gaba a tsohuwar a-kori-kura mai ja da ƙafa huɗu

1. Fara da notukan taya, ko ɗaya ya kwance. Shafa tayar ma. Idan ta cinye ba daidai ba, gurnaninta kan yi kama da na boris.

2. A titi marar cunkoso, kan gudun kilomita 50 zuwa 60, karkata sitiyari hagu da dama a hankali. Gurnanin da ya ƙaru a kwanar hagu galibi boris ɗin dama ne, don nauyi can yake komawa. Ƙarar da sai an taka birki ake jinta kuwa, duba birkin.

3. Kulle cibiyoyin ƙafafun gaba (makullan da ke tsakiyar taya, masu haɗa ta da shaf, sandar da ke juya ta), sa giyar ƙafa huɗu, murɗa sitiyari har ƙarshe ka zagaya a hankali. A kan ƙasa za ka yi, kwalta na ɗaure shaf. Ƙas-ƙas ɗin da ke ɓacewa da zarar an buɗe cibiyoyin, gaɓar shaf ce. Yawanci robarta ta yage, giris ya zube, yashi ya shiga.

4. Ɗaga motar, ka tokare ta da ƙarfe, kada ka amince wa jak kaɗai. Kama tayar sama da ƙasa ka girgiza. In tana wasa, sa wani ya taka birki: wasan ya tsaya, boris ne, bai tsaya ba, bol-join ne, gaɓar da ƙafar ke juyawa a kanta idan an murɗa sitiyari. Wasan gefe da gefe kuwa tayrod ake zargi, sandar da ke haɗa sitiyari da ƙafar.

5. Boris ɗin tsofaffin motocin nan sau da yawa wanki, sabon giris da saitin notinsa kawai yake so. Wanda ya yi shuɗi ko ya rarake, canza shi.