Shawara ga masu son koɗaɗɗun haruffa a zane

Salamu alaikum 'yan'uwa masu zane. Haruffan nan masu kama da an goge su da yashi, ko tawada ta ƙare ana cikin bugu, suna burge ni matuƙa. Tun shekarun 1990 da mai tsara zane David Carson ya yi tashe a mujallar Ray Gun ake yayin wannan salo, har yau bai gushe ba. Sai dai akwai kuskure ɗaya da ke tona mana asiri.

Ku gwada rubuta BABBA da irin wannan fon, wato samfurin haruffa na kwamfuta. Tsagar da ke jikin B na farko ita ce dai a na biyu da na uku, wuri ɗaya, girma ɗaya. Ido yana ganewa nan take, sai tsufan ya koma na jabu.

Ga yadda nake yi. Nakan rubuta kalmar da lafiyayyen harafi mai kauri, sai in ɗauki hoton tsohon bango ko takardar da aka cukuikuye, in mai da shi baƙi da fari, in ɗora shi kan kalmar gaba ɗaya da layer mask (abin da ke ɓoye wani sashe na zane ya bar wani a fili) a manhajar Photoshop. Tsagar takan ratsa daga wannan harafi ta faɗa wancan, kamar da gaske rana da ruwa ne suka ci rubutun. In kuma lallai fon ɗin kuke so, ku leƙa sashen Glyphs na Photoshop da ke nuna duk haruffan fon, wasu fon ɗin suna zuwa da madadin kowane harafi.

Don Allah kuma a bar koɗaɗɗun haruffan a manyan kanu kawai. Kwanan wata da lambar waya a sa su da harafi mai tsabta, domin in rubutu ya ƙanƙance, tsaga ɗaya ta isa ta mai da 8 ta koma 3.