Makullin Baitulmali Ba Ya Hannun Alƙali

Da zarar an rattaba hannu kan kasafin kuɗi, sai ka ji wani ya ce "mu haɗu a kotu". Wasu ƙararrakin suna da tushe. Da yawa kuwa tun kafin a kira shaida ake watsi da su, kuma kurakuran da ke kayar da su ba su cika canzawa ba.

Wanda ya fi cin mutane shi ne ɗaukar hukunci a matsayin kuɗi a aljihu. Alƙali yana iya tabbatar da cewa kana bin gwamnati, amma ba shi da hurumin buɗe asusun da majalisa ba ta buɗe ba. Tsarin mulkin Amurka ya hana fitar da ko sisi daga baitulmali sai da dokar da ta ware shi, haka ma sashe na 80 na tsarin mulkin Najeriya na 1999.

Dubi abin da ya sami Charles Richmond, tsohon mai walda a rundunar ruwan Amurka da ke karɓar fanshon nakasa. Ya je ya tambayi jami'in ma'aikata nawa zai iya samu a wani aikin ba tare da an taɓa fanshonsa ba. Aka ba shi bayanin tsohuwar doka, har da takarda aka miƙa masa. Mutumin ya ƙara aiki da zuciya ɗaya, ya zarce sabuwar iyaka, aka tsayar masa da biya na wata shida. A 1990 Kotun Ƙoli ta ce kuskuren jami'i ba ya zama doka, don haka ba za ta ba da umarnin biyan abin da majalisa ba ta halatta ba. Abin da ciwo, kuma ni ban ga laifinsa ba. To amma da an buɗe wannan ƙofa, da kowane akawu ya zama majalisa a teburinsa.

Gyaran shi ne ka tambayi lauyanka tun ranar farko: in mun yi nasara, daga wane asusu za a biya? Amurka ta kafa asusun dindindin na biyan hukuncin kotu a 1956. A Najeriya kuwa sashe na 84 na dokar aiwatar da hukunci ya nemi amincewar Antoni Janar kafin a kama kuɗin da ke hannun jami'in gwamnati, sharaɗin da lauyoyi suka daɗe suna ja-in-ja a kansa.

Sai masu neman alƙali ya sake rabon kasafi: ilimi ya samu kaɗan, motocin manya sun kwashe mai tsoka. Ƙorafin gaskiya ne, wurin kai shi ne aka ɓata. Sashe na 6(6)(c) na tsarin mulkin Najeriya ya ɗaure hannun kotunan ƙasar game da manufofin gwamnati, irin su ilimi da lafiya, da ke Babi na II. Ko a Afirka ta Kudu, inda kula da lafiya haƙƙi ne rubutacce, kotun tsarin mulki ta ƙi tilasta wa asibitin gwamnati ya riƙa wanke ƙodar wani majinyaci mai suna Soobramoney a 1997, saboda injinan ba su isa kowa ba. Amma a 2002 kotun nan ta umarci gwamnati ta daina taƙaita maganin nevirapine, mai hana jariri ɗaukar ƙanjamau daga uwa, ga masu juna biyu, domin an nuna mata taƙaitawar ba ta da hujja. Bambancin yana ga yadda aka gina ƙara. Nuna sashen da aka karya, kada ka roƙi alƙali ya zaɓa tsakanin hanya da asibiti.

"Ai ina biyan haraji" ma ba a ko'ina yake isa hujjar shigar da ƙara ba. Kotun Ƙolin Amurka ta rufe wannan hanya tun 1923. A nemo wanda abin ya cuta kai tsaye ya tsaya a gaba.

Akwai kuma masu cewa kotu ba ruwanta da kasafi kwata-kwata. Wannan ma kuskure ne. A 1946 Kotun Ƙolin Amurka ta rushe sashen doka da majalisa ta cusa don hana wasu ma'aikata uku albashi da sunayensu, ta ce hukunci ne ba tare da shari'a ba. A Nuwamban 2023 kotun tsarin mulkin Jamus ta soke mayar da Yuro biliyan 60 na bashin korona zuwa asusun sauyin yanayi. Yadda za a cike giɓin kuwa, ta bar wa 'yan siyasa su yi ta kansu.

Wanda aka fi yin asara a kansa shi ne rashin rarrabe majalisa da ɓangaren zartarwa. In majalisa ta riga ta ware kuɗi, shugaba ya danne, nan kotu take da haƙora. A 1975 Kotun Ƙolin Amurka ta tilasta wa gwamnatin ƙasar sakin kuɗin tsabtace ruwa da aka riƙe tun zamanin Shugaba Nixon. A 2004 Kotun Ƙolin Najeriya ta ce Obasanjo ba shi da ikon riƙe kason ƙananan hukumomin Legas. Saboda haka kafin ka rubuta sunan wanda ake ƙara, ɗauko dokar kasafin ka nemi layin kuɗin. In yana nan amma ba a sake shi ba, minista ko Akanta Janar za ka kama.