Yadda ake haɗa kashi ɗaya na wasan barkwancin ofis

Duk mai son shirya wasan barkwanci a kan ma'aikatan ofis zai ƙaru da sanin yadda aka yi aikin The Office, shirin da Ricky Gervais da Stephen Merchant suka fara a tashar BBC ta Ingila a 2001, kafin Greg Daniels ya sake gina shi domin Amurkawa, tashar NBC ta nuna shi daga 2005 zuwa 2013, kashi 201 cikin zango 9. Na Amurkan labarin ma'aikatan wani kamfanin sayar da takarda ne a garin Scranton, kuma ƙa'idar da ta riƙe aikin tun daga rubutu har zuwa tacewa ita ce a ɗauki ofishin da gaske, kada kowa a cikinsa ya nuna ya san abin dariya yake yi.

Fara da ƙaramar matsala, ka ɗora ta a kan wanda halinsa zai kumbura ta. A kashin da ake kira "The Injury", wanda Mindy Kaling ta rubuta aka nuna a Janairun 2006, manajan ofishin, Michael Scott, ya taka na'urar gasa nama da ya saba ajiyewa a gefen gadonsa don ƙanshi ya tashe shi da safe. Ƙunar ba ta taka kara ta karya ba, amma da yake mutum ne mai son a damu da shi, sai ya bugo waya yana neman a zo a ɗauke shi, daga baya ya iso ofis yana dogara sanda, ƙafar a naɗe da ledar da ake naɗe kayan gilashi da ita don kada su fashe. Dwight kuwa, ɗaya daga cikin ma'aikatan, wanda ya fita a guje don ya ceci maigidansa, ya kai wa wani turke karo da mota, ya bugu a ka, kuma alamar ciwon nasa ita ce ya koma mutumin kirki mai fara'a, abin da abokan aikinsa ba su san shi da shi ba. Mai rauni na gaskiya yana zaune ba a kula ba, mai raki ya cika ofis da ƙorafi, har a asibiti ma sai da ya yi ƙoƙarin cusa ƙafarsa cikin na'urar da ake ɗaukar hoton kan Dwight. Idan za a iya ɗauke matsalar daga kan jaruminka a ba wani ba tare da labarin ya canza ba, to rubutun bai nuna ba tukuna.

Kada a bar marubuci shi kaɗai. A wannan shiri marubuta kan taru su tsara ƙashin bayan labari, ɗayansu ya je ya rubuto, sannan a zauna da 'yan wasa a karanta shi da baki, domin a nan ne ake jin zancen da ya faɗi ƙasa. Kaling da B.J. Novak da Paul Lieberstein duk marubuta ne kuma 'yan wasa a lokaci guda, don haka gyara ba ya jiran a aika saƙo wani gini.

Ofishin da ake gani an gina shi ne a Los Angeles, nesa da Scranton ƙwarai, amma an bar shi da rashin ƙyalli irin na ofis na ainihi, kwamfutocinsa kuma suna aiki. Ken Kwapis, daraktan kashin farko, yakan sa 'yan wasa su zauna a teburansu kimanin rabin awa da safe suna amsa waya da jera takardu, kyamara tana ɗauka, kafin a shiga sin na farko. Yi koyi da wannan, ka kuma guji cika wurin da fitattun fuskoki. Phyllis Smith tana cikin masu tantance 'yan wasa ne aka lura da yadda take karatu, aka ba ta teburi ta zama ɗaya daga cikin 'yan wasan.

Batun kyamara ya fi komai buƙatar tsayawa, kuma a ganina a nan masu kwaikwayon salon suka fi zamewa. An tsara shirin kamar wasu masu ɗaukar shirin gaskiya ne suke bin ma'aikatan, shi ya sa aka ɗauko Randall Einhorn, wanda ya yi aikin ɗaukar hoto a Survivor, wani shirin gasa da ake bin mutane na gaskiya da kyamara. Dole ka tambayi kanka a kowane sin ko mai kyamara zai iya kasancewa a wurin, ko kuma mutanen sun san ana ɗaukarsu. Idan sirri biyu suke yi, a ɗauko su daga nesa ta tsakanin labulen taga, hoton ya ɗan karkace, mai kyamara ya makara wajen juyawa kamar bai san wanda zai yi magana ba. Girgiza kyamara ba dalili ba ya maye gurbin wannan tunani. Hirar da ma'aikaci ke yi shi kaɗai da kyamara kuma amfaninta shi ne ya faɗi abu, hoton da ya biyo baya ya ƙaryata shi.

A ɗauki sin yadda aka rubuta shi tukuna, sannan a sakar wa 'yan wasa mara su gwada nasu, a kuma ware lokaci don dariyar da za ta kuɓuce musu. A kashin "Dinner Party" na Afrilun 2008, wanda Paul Feig ya ba da umarni, wurin da Michael ke alfahari da 'yar mitsitsiyar talabijin ɗinsa ta bango sai da aka yi ta maimaita shi saboda 'yan wasan sun kasa daurewa.

A ɗakin tacewa za a mayar da komai kimanin minti 22, kuma abubuwa masu daɗi da yawa za su fita. Ba a sa dariyar na'ura a shirin ba, saboda haka kada edita ya yanke shirun da ke biyo bayan katoɓarar manaja, lokacin da kowa ya sunkuyar da kai ko wani ya saci kallon kyamara. Idan lokaci ya ƙure, a zubar da sin ɗaya gaba ɗayansa maimakon a bi kowane sin ana datse masa waɗannan daƙiƙoƙi.